Wainar Gwangwani: Nazari Kan Gasa Kek ɗin Masara Mai Gishiri a Wani Gida a Garun Malam

Yayata mai waina ce. Tun da aka kai ta ɗakin miji a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Garun Malam, kusa da Kadawa, tanda ce sana'arta: ta jiƙa shinkafa da rana, a kai inji da la'asar, ƙullu ya kwana, da asuba ta hura wuta. Masu sayen wainarta yawanci 'yan ƙwadago ne da ke wucewa gonakin rani, waɗanda ruwan madatsar Tiga ke shayarwa tun bayan da aka kammala ta a 1974. Daga Disamba zuwa Maris, lokacin tumatir da albasa, kafin hantsi kwanonta ya ƙare.

Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin niƙa ya tashi, shinkafa ta yi tashin gwauron zabo, man gyaɗa ma ya bi sahu. Yaya ta yi ta rage ludayi har masu saye suka fara yi mata tsiya, wai waina ce wannan ko kwabo. Rumbun Malam, mijinta, kuwa cike yake da masarar damina. Wainar masara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano, ta kuma gwada ta, sai dai tana shan mai, kuma wanda ya saba da farar waina ba ya yarda ya biya kuɗi ɗaya a kanta.

A hutun ƙarshen shekara na je musu kwana biyu. 'Yar farinta, wadda Yaya ba ta kama sunanta sai dai ta ce "yarinyar nan", ta ɗauki wayata tana kallon girke-girke, sai ta ci karo da wata Ba'amurkiya tana gasa abin da suke kira mofin na masara. Siffarsa ta ƙaramin kek ce, amma gishiri ake sa masa da barkono da cuku, a ci da miya ko wake. Irin wannan burodin masara tsohon abinci ne a Amurka, musamman a kudancinta, inda da yawa ba sa sa masa sukari sam ko su sa ɗan kaɗan, kuma da madara mai tsami suke kwaɓa shi. Yarinyar ta ce, "Umma, ga abin da za ki yi da masarar Baba." Na kwafe ma'aunin a wani tsohon littafin darasina: kofi ɗaya na garin masara, kofi ɗaya na fulawa, ƙwai biyu, kofin madara mai tsami, mai, bekin foda, bekin soda, cuku, a gasa a oben mai zafin digiri 200 na kamar minti ashirin. A littafin nan na ci gaba da rubuta abin da ya biyo baya, domin kusan duk ƙarshen mako na watan Janairu da Fabrairun 2024 a gidan na yi shi.

Gidan ba oben, ba wutar lantarkin da za a dogara da ita, ba firji. Abin da kowa ya zata zai ba da wahala ke nan. Amma rashin oben shi ne abin da ya fi saurin warwaruwa, domin matan karkara sun daɗe suna gasa kek ɗin biki a tukunya da yashi. Wahalar ta ɓullo ta wuraren da ma'aunin bai ce komai a kansu ba, saboda wadda ta rubuta shi ta ɗauka kowa garinta yake da shi, kowa hannunta yake da shi.

Gwajin farko

Yaya ta yi abin da duk mai waina za ta yi. Ta ɗebi garin tuwo, ta ce fulawa tsada, a bar ta. Ta haɗa komai da daddare, har da foda da soda, ta sa muciya ta buga shi bugun funkaso har ya yi santsi, ta rufe ya kwana. Da safe ta cika gwangwanayen madara fal, ta jera su kan yashi a tukunya, ta tura itace.

Abin da ya fito ƙasansa baƙi ƙirin, samansa fari fat, tsakiyarsa tuwo. Wanda ya ɗan gasu kuwa da an taɓa shi sai ya marmashe. Malam, da yake akwai wasa tsakaninmu, ya ɗaga guda ɗaya ya ce, "Auta, wannan dutsen guga kika kawo mana daga birni?" Kaji ne suka ci riba ranar.

Kuskure huɗu ne suka haɗu a tukunya ɗaya, kuma kowannensu a sana'ar waina ba kuskure ba ne. Mafi girmansu kwanan ƙullu. Yis abu ne mai rai, yana cin garin a hankali yana fitar da iska, shi ya sa ƙullun waina ke son lokaci. Bekin soda kuwa da zarar ta haɗu da abu mai tsami take fitar da iskarta nan take, cikin 'yan mintuna; foda ma tana sakin wani kaso da ta jiƙe, ta ajiye sauran sai ta ji zafi. Kwaɓin da ya kwana ya riga ya yi numfashinsa ya gama tun cikin dare. Na biyu barin fulawa. Alkama tana da wani danƙo, wanda shi ke sa funkaso ya yi yauƙi yana jawuwa, shi ne kuma ke riƙe iska a cikin burodi kamar raga. Masara ba ta da wannan danƙo ko kaɗan, don haka ba abin da zai riƙe ta in ba fulawa da ƙwai ba. Na uku gwangwanin madara: ya yi zurfi, kafin zafi ya isa tsakiya gefe ya ƙone. Na huɗu wuta, wadda zan dawo kanta.

Shi kuwa bugun muciya sai a mako na biyu illarsa ta fito, bayan an sa fulawa. Ya tashi, amma ya yi tauri, cikinsa da dogayen ramuka kamar gidan tururuwa. Bugu yana tayar da danƙon alkama, abin da ake nema a funkaso, abin da kuma ake gudu a nan. Na sha faɗa wa Yaya cewa juyi goma zuwa sha biyu ya isa, ko da an ga 'yan gudaje. Ta dube ni ta ce, "Auta, ni da girmana in bar gudaji a kwaɓi? Sai ka ce amaryar da ba ta iya talge ba." Sai da na karɓi cokalin da kaina na yi rabi, ita ta yi rabi yadda take so, muka gasa tare, sannan ta yarda. Har yau in tana juyawa za ka ga hannunta yana ƙaiƙayi.

Maganar gari

Nan ne muka fi daɗewa, nan ne kuma na fi ƙaruwa. Abin da Amurkawa ke kira garin masara a irin wannan girki yana da ɗan tsaki-tsaki, kamar yashi mai laushi. Namu na tuwo an surfa shi, an wanke, an shanya, an niƙa liƙis, an tankaɗe da rariya mai laushi. Irin wannan gari da ya sha ruwa ya ji zafi tuwo yake son zama, domin don haka aka shirya shi. Shi ya sa ko da aka gyara sauran abubuwa, tsakiyar kek ɗin ya ci gaba da danƙarewa.

Inna, surukar Yaya, ita ta warware wannan, tana zaune kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ba tare da ta taɓa ganin bidiyon ba. Ta ce, "Ke da kike son abu ya yi wara-wara, me ya kai ki garin tuwo? Ba ga tsakin dambu ba?" Aka gwada tsaki zalla, ya yi wara-wara har ya wuce, yana gurzar haƙori. Aka dawo aka haɗa: rabi gari, rabi ƙaramin tsaki, wanda ke tsayawa a rariya mai laushi amma ya wuce mai manyan ido. Sannan aka jiƙa haɗin a cikin nono na rabin awa kafin a sa sauran kaya. Tsakin ya yi laushi bai narke ba. Wannan jiƙon ya kuma kwantar wa Yaya da hankali, tunda dai ta samu abin da za ta rufe ta bari ya huta.

Daga baya ta daina surfe mai tsanani. Surfe yana cire dusa, yana kuma cire ƙwayar idon masara, inda mai da ƙamshi suke. Masarar da aka ɗan surfa sama-sama ta fi ba da ƙamshi idan ta gasu, ja kuma ta fi fara kyau a ido. Sai dai garin da ke da idonsa ba ya ajiyuwa, man da ke ciki yana sa shi wari in ya daɗe, don haka niƙan mako guda take yi.

A nan muka ɗan sami saɓani da Malam. Akwai wani buhu da ruwa ya taɓa, wasu ƙwayoyin sun yi fumfuna, ya ce a fara da shi tunda yaji zai rufe. Ban yarda ba. Fumfunar masara da ta gyaɗa na iya ɗauke da gubar afalatoksin, mai lahanta hanta, kuma zafin gashi ba ya kashe ta. Abin da za a sayar wa mutane, yara kuma su ci, ba wurin rage asara ba ne. Buhun bai shiga kwaɓi ba.

Nono, kanwa da abin da ya maye gurbin cuku

Madara mai tsami da ma'aunin ya ambata ita ce ta fi sauƙin samu, domin asalinta ruwan da ya rage ne bayan an kaɗe man shanu, wato nono ke nan. Fulani na kawo shi har ƙofar gida. Abin lura kawai shi ne nonon kasuwa wani lokaci an sirka shi da ruwa ko an ƙara masa kauri, kuma tsaminsa na yau daban da na gobe. Yaya tana ɗanɗanawa: in ya yi tsami sosai ta cika rabin cokalin soda, in bai yi ba ta rage. Kindirmo ma yana yi, har ya fi laushi, amma kuɗinsa ya fi.

Wata Asabar soda ta ƙare, Inna ta ce a sa ruwan kanwa, ai da ita ake kashe tsamin ƙullun waina. Ba ta yi kuskure ba, kanwa da soda dangin juna ne, kuma ranar ya tashi lafiya. Washegari aka jiƙa wani ɓari daban, sai ga kek ya yi duhu yana ɗanɗanon sabulu. Kanwa ba ta da ma'auni tsayayye, wani ɓarin ya fi wani ƙarfi, ga ƙasa a cikinta. Aka bar ta sai ranar dole.

Cukun da Turawa ke sawa mai narkewa ne, yana ba da maiƙo da gishiri. A ƙauye babu shi, a kantunan birni kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin abin da za a sayar wa ɗan ƙwadago. Mun gwada marmasa awara: ba ta narke ba, ba ta ƙara ɗanɗano ba, kafin la'asar kuma ta fara tsami. Ɗanyar albasa ita ma ta ba da matsala, tana sakin ruwa, sai ka ga wuri-wuri a jiƙe. Da aka soya albasar da attaruhu a cikin man da za a sa a kwaɓin, aka bari ya huce, aka zuba duka har man, sai magana ta canza. Lawashi, wanda a wannan lokaci kusan kyauta ake samunsa a bakin gona, ana yanka shi ƙanana a sa ɗanye. Ɗan daddawa kaɗan, kamar kan cokali, shi ya cike gurbin da cuku ya bari.

Wuta

Oben yana kewaye abu da zafi ta ko'ina. Tukunya kan murhu ta ƙasa kawai take samu, ga tururi yana taruwa a murfi yana ɗigowa. Mai gurasa ta san wannan, shi ya sa sai ta bari jikin tanderu ya ɗauki zafi, harshen wuta ya kwanta, kafin ta manna gurasa. Da wannan tunani Yaya ta bar itace ta koma gawayi a kurfoti. Tana zuba yashin rafi wankakke busasshe, kaurin yatsa biyu, ta rufe tukunya ya yi zafi na kwata, wato minti sha biyar. Ta ɗora wani tsohon faranti kan ƙananan duwatsu uku, don kada gindin gwangwani ya taɓa yashi. In ta jera gwangwanaye sai ta kwashe fiye da rabin garwashin ƙasa ta zuba a kan murfi, wanda faifan ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe. Garwashin sama shi ya kawo jan saman da ake nema, shi ya kuma hana ɗigar tururi.

Ba ta da ma'aunin zafi. Tana barbaɗa ɗan gari a farantin: in ya yi ja kafin ta gama wanke hannu ta goge, wuta ta yi, in ya yi baƙi da hayaƙi, ta rage. Ba ta buɗe murfi sai an yi kwata, domin buɗewa da wuri na sa ya faɗa. Tsakanin minti ashirin da ashirin da biyar take soka tsinken tsintsiya, in ya fito a bushe ta sauke.

Gwangwanayen na alala ne, ƙananan na tumatir, waɗanda dama akwai su a gidan. Na matsa aka ƙona su aka goge fenti da rufin cikinsu tas, aka dake bakinsu da guduma, domin gashi ba turare ba ne, zafinsa ya fi. Ra'ayina dai har yanzu shi ne ta sayi ƙananan kofunan gasa kek na alminiyam a kasuwar Sabon Gari in hali ya yi.

Ma'aunin da ta tsaya a kai, da gwangwanin madara take auna shi: gari ɗaya, tsaki ɗaya, fulawa ɗaya, nono ɗaya da rabi, mai rabi, ƙwai biyu, foda ƙaramin cokali biyu, soda rabin cokali, gishiri, soyayyar albasa da attaruhu, lawashi. A tsakiyar hunturu gari ya fi bushewa, sai ta ƙara nono kaɗan. Wannan yana ba da goma sha takwas, in an tsaya a kashi biyu bisa uku na kowane gwangwani. Tukunyar tara take ɗauka, don haka take raba jiƙon biyu, ba ta sa wa rabi na biyu foda da soda sai ta sauke na farko. Ta gwada ƙwai ɗaya don rage kuɗi, ya marmashe a hannun mai saye, ta koma biyu.

Kasuwa

Ranar da aka fara fitar da shi, yarinyar nan ta ce wa mutane kek ne. Wani ya gatsa, ya tsaya, ya ce, "Kek ba sukari? An manta ne?" Biyu suka dawo da nasu. A wurinmu duk abin da ya fito da wannan siffa zaƙi ake jira, harshe ya riga ya shirya, in ya ji attaruhu sai ya ga an yaudare shi. Abin bai canza ba ko kaɗan tsakanin wannan rana da mako na gaba, sunan ne ya canza. Yaran maƙwabta suka fara cewa "wainar gwangwani", Yaya ta kama. Ta riƙa tsaga shi biyu, ta barbaɗa yajin ƙuli, ta ɗiga mai, kamar yadda ake yi wa gurasa. Wanda ya ƙi kek marar sukari shi ne ya sayi wainar gwangwani uku ya sa a aljihu ya nufi gona. Abin da 'yan ƙwadago suka so a cikinta shi ne tana riƙe ciki, ba ta jiƙa aljihu da mai, ba ta kuma buƙatar miya. Wani mai shayi a bakin titin Zariya ya fara karɓar goma duk safiya.

Lissafin da muka yi da ita a ƙarshen Fabrairu, da gwangwani muka yi shi, tunda farashi a lokacin kullum sauyawa yake. Cikin goma sha takwas, kuɗin sha biyu na komawa kayan haɗi, biyu gawayi, huɗu ne nata. Ƙwai da fulawa su ne suka fi cin kuɗin, kuma su ne ba sa fitowa daga rumbu. Yawancin alkamar da ake yin fulawa da ita a Najeriya daga waje ake shigo da ita, don haka duk faɗuwar naira sai ta iso har cikin tukunyar Yaya. Na lura kuma ba ta sa kuɗin masara a lissafinta, wai ai ta gida ce. Da na sa, sai huɗun nan suka koma uku. Malam ya ce in dai za a fara biyansa kuɗin masara, shi ma ya yarda dutsen guga abinci ne.

Abin da ba a shawo kansa ba shi ne ajiya. A sanyin Janairu tana kwana lafiya, a ɗumama da safe. Da zafi ya shigo, wadda aka gasa da asuba kafin magariba ta fara yauƙi a tsakiya, saboda nono da ƙwai da lawashi. Ɗaure ta a leda da zafinta ya fi komai saurin lalata ta, gumi take yi. Yanzu a faifai take shanya ta ta huce, ta rufe da wani faifan.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, cinikin safe ya tsaya cak. Ta mayar da gashin bayan la'asar don buɗa-baki, amma a faranti ɗaya da ƙosai da kunun tsamiya wainar gwangwani ba ta yi kasuwa ba, mai azumi abin da ya saba yake nema. Mai shayin ne kaɗai ya ci gaba da karɓa, don masu sahur. Bayan salla tumatir ya ja baya, 'yan ƙwadago suka watse, ta koma tandarta, gashin kuma ya zama sai an yi oda ko yara sun matsa.

Da kaka ta yi aka shigo da sabuwar masara, ta aiko yarinyar nan ta karɓi littafin darasin nan nawa, wai maƙwabciyarta na son ma'aunin. Da na je na tarar an soke "kofi" ko'ina an rubuta "gwangwani", a gefen wurin juyi kuma, da rubutun yarinyar, an ƙara: "Umma ta ce sha biyar."